Inuwar da Na Ba Yaya Lawal

Duk wanda ya zauna a unguwarmu a Funtuwa ya san dariyar Yaya Lawal kafin ya san fuskarsa. Daga can cikin ciki take tasowa, ta yi ta tafiya ba ta ƙarewa, har sai ya dafa bango yana share hawaye. Ni kuma tun ina ƙarami aikina ke nan, in nemo abin da zai sa shi wannan dariyar. Yau ba ya iya yin ta, kuma da hannuna a ciki. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan, saboda 'yan'uwanmu masu aikin feshin fom a Riyad, musamman masu niyyar ɗauko wani daga gida su sa shi a ciki. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Sunana Nafi'u, kuma feshin fom ne sana'ata. Wanda bai taɓa shiga gareji mai rufin kwano a unguwar Sulay a tsakiyar zafi ba, ba zai gane darajar wannan aiki ba. Kwanon sai ya yi zafin da ko kusa da shi ba ka iya tsayawa. Mu ake kira mu rufe shi ta ciki. Duro biyu ne na sinadari a kan mota, inji ya ɗumama su ya turo su ta dogon tiyo, su haɗu a bakin abin feshin da muke kira bindiga. In ka fesa, abin ya fito kamar ruwa, kafin ka ƙifta ido ya kumbura kamar ƙullin ƙosai a cikin mai, ya daskare. Muna yi wa ɗakunan ajiyar kaya, da garejin kanikawa, da gidajen kaji da rumfunan tumaki na hanyar garin Harj. Na daɗe a ciki har na zama mai riƙe bindiga. Mai bindiga shi kamfani ke ba farar riga mai rufe jiki duka da takunkumi mai kawo iska ta tiyo. Sauran ma'aikata ɗan takunkumin takarda ake miƙa musu, wanda gumi ke jiƙawa kafin hantsi, kowa ya sauke shi haɓa.

Yaya Lawal wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu. Da kasuwar hatsi ta juya masa baya, na roƙi kafil ɗinmu, wato Balaraben da muke aiki ƙarƙashin sunansa, har aka samo masa biza. Ranar da ya fara fita aiki, mudir, wato manajan aikinmu, ya ce a kai shi waje wurin mota, inda ake fara ajiye kowane sabon zuwa, ya riƙa gangara duro yana duba inji. Na dubi ranar da ake kwalawa a waje, na dubi furfurar da ta fara fito wa Yaya, raina ya ƙi. Ina ni ina zama cikin inuwa, wana na gangara duro a rana? Da wane baki zan gaya wa Inna? Na tsaya kai da fata sai an ba shi riƙon tiyo. Mai riƙon tiyo a ƙarƙashin mai bindiga yake tsayawa, cikin inuwa, ba ɗaukar nauyi, sai dai ya riƙa jan tiyon yana bin ka duk inda ka matsa.

Mudir ya gaji da ni, ya ɗaga hannu ya ce, "Ala kefak, ya Nafi. Yalla."

Wato yadda ka so. A ranar na kira Inna ina cika baki, na ce mata ta kwantar da hankalinta, na sama wa Yaya inuwa. Ta yi ta sa mini albarka.

Abin da ban tsaya na yi tunani ba shi ne, duk abin da na fesa sama, ƙurarsa ƙasa take saukowa. Ni ina kan dandamalin ƙarfe a rufe ruf, iska mai kyau na zuwa mini ta tiyo. Shi yana ƙasa ya ɗaga kai yana kallona don ya san inda zan nufa, takunkuminsa a haɓa. Kafin yamma hularsa ta sandare, girarsa da gemunsa sun yi ƙyas-ƙyas da ɗigon fom. Har tsokanarsa nake yi, ina cewa ya zama tsohon da ya faɗa buhun gari.

Kuma muna da abin da muka dogara da shi, madara. Isuhu, direban motarmu, mutumin Maraɗi ne, ɗakinsa na jikin namu a unguwar Gubaira. Kullum aka tashi aiki sai ya tsaya a bakala, shagon unguwa ke nan, ya sayo madara mai sanyi, mu jeru mu sha kamar masu karɓar magani.

"Ku sha, ku sha," in ji shi. "Madara ita ka wanke ƙirji. Masu hwentin mota can gida da ita suka tsuhwa."

Ban ga laifin Isuhu ba. Ni ma haka na taso na ji, kuma haka na gaya wa Yaya da bakina.

An yi watanni lafiya lau. Sai mura ta fara, wadda ba ta tafiya. Idonsa ya riƙa ƙaiƙayi, da yamma ya ɗan yi tari. Muka ce sanyin esi ne, bai saba ba. Na kashe esi, muka kwana cikin gumi, tarin bai fasa ba. Na je kemis na sayo maganin tari mai zaƙi, ya shanye kwalba, na sayo wata. Daga nan na fara jin wani ɗan fito a ƙirjinsa in yana numfashi, siriri, kamar iska na bi ta ƙofar da ba ta rufu sosai ba. Na tambaye shi, ya ce ba komai, tsufa ne. Na ƙara masa madara, har tawa nake ba shi.

Ranar wata Juma'a bayan an sauko, muna cin shinkafa a ɗakin Isuhu, na ɗauko labarin wani rago da ya kutsa mana rumfa a Harj muna tsakiyar feshi. Fom ya ɗiga masa a ƙaho ya kumbura, ya fito da ƙaton rawani, sauran tumakin suka watse, mai gonar na bin sa yana rantsuwa. Yaya ya fara dariyar nan tasa. Ina jin daɗi ina ƙara gishiri, sai na ga dariyar ta koma tari, tarin ya ƙi tsayawa. Ya dafa gwiwa yana jan iska, ba ta shiga. Ya dube ni idonsa waje, leɓensa ya sauya launi. Tun da nake ban taɓa jin tsoro irin na wannan rana ba.

Isuhu ya ja mota. A asibiti, ni ina ihu wana ba ya numfashi, mutumin da ke bakin taga yana tambayata iƙama, wato katin izinin zama, da katin inshora. Na so in fasa gilashin nan, Allah ya sani. Amma gaskiya ɗaya ce, wata nas da ta hango shi ba ta jira takarda ba, ta ja shi ciki da gudu ta ɗora masa abin nan mai fitar da tururi a hanci. Ban san sunanta ba, ina yi mata addu'a har gobe. Bayan ya dawo hayyacinsa likita ya ce asma ce, ya ba shi abin shaƙa, ya ce ya huta mako guda. Bai tambayi aikin da muke yi ba, ni kuma ban faɗa ba, don ban ga haɗin ba.

Da makon ya cika Yaya ya ce shi bai zo Saudiyya kwanciya ba. Na bar shi ya koma, kuma a gurbinsa na mayar da shi, ƙarƙashina. Ban gama layin farko na kwanon ba na ji tiyo ya saki. Na leƙo, na gan shi durƙushe. Daga ranar bai sake taka wurin aiki ba, jinya ta koma ɗaki.

A makonnin farko na yi duk abin da ƙane zai yi wa wansa. Kafin in fita in dama masa kunu in ajiye a fulas. In an tashi aiki ba na tsayawa ko'ina, ko wanka ba na yi, ɗaki nake nufa kai tsaye don hankalina na kansa. In rataye kayan aikina a bayan ƙofa, in zauna a bakin katifarsa, in kara kunnena a ƙirjinsa in ji ko fiton ya ragu, in shafa masa man zafi da hannuna. Ranar hutu in haɗa kayansa da nawa a bokiti ɗaya in wanke, don ba a taɓa yi ba a gidanmu babba ya yi wanki ƙarami na zaune. Da rana in na kira shi sai in ji muryarsa da dama-dama. Amma da na shigo da magariba, kafin a kira isha'i ƙirjin ya matse. Na ɗauka ciwon ne haka, da yamma yake tashi.

Shawara kuwa ta zo mana kamar ruwan sama. Inna ta ce zuma da tafarnuwa da habbatus sauda, safe da yamma, da sirace. Muka yi. Anti Binta, matar Yaya, kullum sai ta turo saƙon murya, rabi kuka rabi tambaya ko yana cin abinci, ni nake saurara in gaya masa rabin da ba kuka. Kawunmu ya ce wannan ba ciwon asibiti ba ne, mutum ya je ƙasa mai tsarki ya kwanta, ai da hannu a ciki. Ya aiko da wani ƙullin hayaƙi ta hannun wani mai dawowa daga hutu. Sau ɗaya na turara masa, na lulluɓe shi da bargo yadda aka ce. Da ƙyar na lalubo abin shaƙarsa. Na zubar da sauran a shara, na gaya wa Kawu mun gode, ana samun sauƙi.

Masu dubiya ma Allah ya saka musu, sun zo daga Sulay, daga Utaiƙa, wasu ban ma san su ba, da lemo da dabino. Amma don Allah jama'a, in za ku duba mai ciwon ƙirji, ku bar turaren nan a gida. Mutum ya yi wanka da turaren udu ya shigo ɗan ƙaramin ɗaki ya zauna ya miƙe ƙafa, marar lafiya na kokawa da numfashi yana amsa "da sauƙi, da sauƙi," kunya ta hana kowa magana. Wata rana da na fusata na ce wa wani ya fita ya sha iska tukuna. Har yau ba ya gaishe ni da kyau.

Da aka shiga wata na biyu albashin Yaya ya tsaya. Inshora ta ɗauki wasu magungunan ta ƙi wasu, gwajin huhu da aka rubuta kuma aka ce sai an jira amincewa, kullum a ce bukra, gobe ke nan, goben da ba ta zuwa. Ga gidansa ga nawa duk sun dawo wuyana. Sai na fara karɓar ƙarin aiki, in haɗa har da lokacin hutun rana ina feshi, in dawo jikina ya fi na da ɗaukar fom. A raina ina ganin ƙoƙari nake yi masa.

Ana haka aka ba mu wasu gidajen kaji a Harj, aikin kwana da kwanaki, a can za mu riƙa kwana. Isuhu ya kai mu, ya sauke mana inji da duro ya dawo Riyad, ya ce in bar masa Yaya. Kwana kaɗan da tafiyata na kira, na ji murya garau kamar ba shi ba. Ya ce da ƙafarsa ya je masallaci. Washegari ya ce sun je kasuwar Utaiƙa da Isuhu ya zaɓo dabino da kansa. Na yi hamdala, na kira Inna na ce zumarta ta yi aiki. Ranar Alhamis da yamma na dawo da ɗokina, ko jakata ban ajiye a waje ba. Na rungume shi, na zazzage kayan dattin mako guda a tsakar ɗaki ina ba shi labari. Ban kai ƙarshen labarin ba na ji fiton ya dawo. A daren muka sake komawa asibiti.

Wannan karon aka haɗa mu da likitar ƙirji, wata dattijuwa 'yar Sudan mai magana a hankali. Ranar da aka ba mu, mun yi zaman layi tun safe har azahar kafin a kira mu. Larabcin Yaya bai wuce gaisuwa ba, don haka ni ne tafinta. Ta sa ya hura wani bututu har sau da yawa, ta duba, sannan ta tambayi aikinsa. Na yi mata bayani. Ta tambayi inda yake tsayawa in ana feshi. Na ce a ƙasa, cikin inuwa. Ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau.

Ta ce ciwon sunansa hassasiyya, wato jiki ya ƙi jinin wani abu. Maganar da ta yi bayan nan ita ce ta zauna mini.

"Ƙirjinsa ya riga ya haddace wannan sinadari," in ji ta. "Ba ya mantawa. Da sai ya shaƙi mai yawa. Yanzu ɗan kaɗan ya isa."

Na yi ƙarfin hali na ce ai muna shan madara kullum. Ba ta yi dariya ba, kuma na gode mata da hakan. Ta ce madara ciki take zuwa, wannan kuwa huhu yake zuwa, hanyarsu ba ɗaya ba ce. Sannan ta ce abin da ke ɗaure mata kai shi ne, mutum ya bar aiki tuntuni amma ciwo na tashi kullum. Ta ce in tambaye shi wane lokaci ya fi matse shi.

"Yaya, ta ce yaushe ƙirjin ya fi matse ka?"

"Ka ce mata ba shi da lokaci."

Na faɗa mata. Ta zuba wa hannuna ido a kan tebur. Na bi idonta, na ga faratana da busasshen fom rawaya a ƙarƙashinsu, irin wanda sabulu ba ya fitarwa. Ta dubi gemuna, wanda shi ma fom ke maƙale masa in ina cire kayan aiki.

"Kai har yanzu kana feshin?"

"Ina yi."

"A ina kake kwana?"

"Ɗakinmu ɗaya."

"Kayan aikinka fa?"

"A bayan ƙofa."

Ta ce in sake tambayarsa, kuma in gaya masa ita likita ce, ba surukarsa ba, kada ya ji kunyarta. Na maimaita masa. Yaya ya sunkuyar da kai yana murza hularsa.

"Ka ce mata da magariba ne," ya ce. "In ka shigo."

Haka na juya na fassara wannan magana da bakina zuwa Larabci. Ban san yadda muryata ta fita ba.

Da muka fito na zaunar da shi a kan benci a baranda. Na ce, "Yaya, tun yaushe ka sani?"

"An kwana biyu."

"Tun kafin in tafi Harj?"

"Tun kafin nan."

"Shi ne ka yi shiru? Kana kallona ina shafa maka mai da wannan hannun?"

"To in ce maka me, Nafi'u? In ce ƙanena kada ka shigo inda nake? Ka dawo a gajiye, ko ruwa ba ka sha ba sai ka duba ni. Kuma in na faɗa, na san halinka, ajiye aikin za ka yi. Gida biyu wa zai riƙe?"

Don kunya da baƙin ciki na yi kuka a barandar nan mutane na wucewa. Shi da ba shi da lafiya shi ya koma yana ba ni haƙuri, yana cewa ƙaddara ce, in daina. Na san ƙaddara ce. Na kuma san wanda ya tsaya gaban mudir ya yi rantsuwa sai an ba shi riƙon tiyo.

A ranar na kwashe kayana na koma ɗakin Isuhu. Muka fitar da katifar Yaya da labule da darduma, Isuhu ya wanke ɗakin tas, ni ina tsaye a waje don an hana ni taɓa komai. Kayan aiki suka koma zama a mota cikin leda. In na dawo sai na yi wanka na sauya kaya, sannan in je bakin ƙofarsa in tsaya.

"Yaya, ya jikin?"

"Da sauƙi. Shigo mana."

"A'a, nan ma ya isa."

Isuhu ne ya koma dama kunu da wanki. Mutumin nan ba dangin iya ba na baba, ya yi mana abin da ɗan'uwa zai yi. Ya daina tsayawa sayen madara, bai kuma sake ambatonta ba. Wata rana na same shi zaune a mota shi kaɗai, ya ce mini, "Wanga abu ya dame ni, Nafi'u. Ni ni ce ku sha." Na ce ya bari, in rabon laifi ake nawa ya fi nasa.

Sauƙi ya samu, ba zan ɓoye ba. Cikin 'yan makonni Yaya ya koma zuwa masallaci, yana cin abinci, fiton ya ragu. Amma bai koma yadda yake ba. Ƙura ta tayar masa, turare ya tayar, hawa bene ya tayar, dariya ma ta tayar. Likitar ta ce wasu suna warwarewa a hankali in sun yi nisa da abin, wasu kuma da shi za su zauna, ba ta yi mana alkawarin komai ba. Kamfani suka ce za su taimaka su ba shi gadi. Da na tambaya gadin ina, sai aka ce ɗakin ajiyar da ake tara durorin. Na yi dariyar takaici na fito. Daga ƙarshe Yaya da kansa ya ce a yi masa takardar fita, zai koma gida.

Na koma wurin mudir, wannan karon ba inuwa na je nema ba. Na yi ta masifa har aka sayo wa masu riƙon tiyo takunkumin gaske mai matata, aka kuma yarda a riƙa kunna fanka mai jan iska waje in ana feshi a rufaffen wuri. Na gode da aka yi, amma sai da ƙirjin wana ya tafi tukuna. Don haka ɗan'uwa, in kana wannan aiki, ka sani wurin da ya fi kama da hutu shi ya fi haɗari. In ka ga sabon zuwa da takunkumi a haɓa, ko ya haife ka, ka ce ya mayar. In mura ta ƙi tafiya, ka gaya wa likita aikinka tun bai tambaya ba. Kayan aiki kuma kada su kwana inda mutum ke kwana. Madara ka sha don kana sonta.

Ana gobe zai tafi na shiga kasuwar Utaiƙa na sayi sabuwar jallabiya, na bar ta cikin ledarta. Tun ranar asibitin nan ban matsa kusa da shi ba, kuma na ƙudura ba zai hau jirgi ban rungume shi ba. Na yanke farata har sai da suka yi jini. Na tsaya gaban madubi ina duban gemuna, wanda na shekara da shekaru ina tattali, na tuna yadda likitar ta kalle shi. Na je wurin mai aski na ce ya sauke shi duka. Sai da ya tambaye ni sau biyu.

Isuhu ya kai Yaya filin jirgi a motar wani abokinsa, ni na bi su a tasi don kada in shiga motar aiki. Na same su a bakin layin awon kaya. Yaya ya dube ni ya kau da kai, bai gane ni ba. Sai ya sake dubawa.

"La ilaha illallahu. Nafi'u? Wa ya fige ka?"

Dariyar ta taso masa daga can ƙasa, irin ta da, ta Funtuwa. Na ji farkonta, na ji daɗi har cikin raina. Ba ta yi nisa ba tari ya tare ta. Ya dafa kafaɗar Isuhu ya lalubo abin shaƙa a aljihu, muka tsaya muna jira, mutane na kewaye mu da akwatunansu. Da numfashin ya daidaita ya share ido ya buɗe hannu.

"Zo nan, ɗan kaza."

Na rungume shi. Ya ja numfashi a kafaɗata a hankali, ya ce, "Yau dai ƙanena nake ji." Ni kuwa da na kara kunnena a ƙirjinsa, sai na ji ɗan fiton nan yana nan.

Yanzu yana gida, yana zama a shagon wani amininsa, nesa da buhunan hatsi saboda ƙura. Gemuna ya fito, amma ina rage shi don takunkumi ya zauna daidai. Har yanzu ina feshi, gida biyu na nan. Allah ya ba Yaya lafiya, ya ba duk masu ciwo, ya saka wa waɗanda suka tsaya mana.

Duk Juma'a bayan an sauko yakan kira ni. Aikin nan kuwa ba ya rabuwa da abin dariya. Ko a makon jiya wani sabon ma'aikaci ya jingina da bangon da bai bushe ba, sai da muka yanke rigar muka bar ta a can. Tun a wurin na fara shirya yadda zan ba Yaya labarin, inda zan ja, inda zan ƙara gishiri. Da wayar ta shigo muka gaisa, ya tambayi Isuhu, ya tambayi zafi. Ina jin numfashinsa a cikin wayar.

"To Nafi'u, ba labari? Kai fa ka zama Balarabe, ba ka da hira yanzu."

"Babu, Yaya," na ce. "Lafiya lau."